Sifili Uku a Wurin Wankin Motar Kawu

Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ce shi injiniya ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kai wa mai fenti katako ya rubuta masa, ya kafa a ƙofar ɗan ɗakin kwamfutar da ke wurin wankin motar kawunsa. Tun mutane na kiransa da shi don tsokana har bakinsu ya saba. In ka zauna da shi minti biyar, zai lissafa maka kamfanonin da ke roƙonsa yana ƙi. In ka kai minti goma, za ka ji cewa ba don tausayin Kawu ba, da yanzu yana can yana gyaran jirgin sama.

Shi kuwa Kawu shekara ashirin da biyu ya yi yana wanke mota da bokiti da soso, har bayansa ya daina miƙewa. Da ƙyar ya harhaɗa injin wanki: rumfa ce mai ƙofar ƙarfe gaba da baya, da manyan buroshi biyu a gefe, da bututun fesa ruwa ta ko'ina. 'Yarsa Auta, wadda ke aikin kwamfuta a wani gari, ita ta rubuta ɗan yaren da ake ba injin umarni da shi. Yaren ba shi da wuya, Kawu ma yakan sa tabarau ya karanta: rufe ƙofa, fesa kumfa, jira 30, buɗe ruwa, jira 40, rufe ruwa. Duk inda aka rubuta "jira", sakan injin yake ƙirgawa. Da wannan yaren sandar shiga take ɗagawa ta jira sakan ashirin ta sauka, da shi kuma lasifikar ƙofa take cewa "Barka da zuwa" duk bayan minti biyar.

To, ana nan sai Ciyaman na ƙungiyar direbobin tasi ya aiko cewa ranar Asabar ƙarfe tara na safe zai zo ya ga injin da idonsa. In ya gamsu, motoci arba'in na ƙungiya nan za su riƙa zuwa duk mako. In bai gamsu ba, za su koma sabon wurin da aka buɗe a tsallaken gada, Kawu kuma ba zai iya riƙe injin ba, sai dai ya koma ga bokiti. Don ya burge baƙon, Kawu ya sayo sabon bakin fesa kumfa. Sai dai wannan abin yana son a buɗe shi a rufe cikin ƙiftawar ido, yaren Auta kuwa bai san abin da ya gaza sakan ɗaya ba. Da aka gwada, kumfa ta kai gwiwa.

Auta ta ce a waya a ajiye shi, ran Asabar da yamma za ta zo ta ƙara sabon umarni.

"Da yamma?" in ji Injiniya. "Bayan Ciyaman ya tafi? Kawu, ina zaune a gidan nan ake jiran yarinyar da na goya? Ni sakan ɗaya sai in yanka shi gida dubu, in ba ka kowane yanka a hannu."

"Ta ce kar a taɓa 'jira'," in ji Kawu.

"Ai dole ta faɗi haka, tsoronsa take ji. Ni kuwa shi yake tsorona."

Ran Laraba da azahar ya shiga ɗaki, ya zauna a kujerarsa mai ƙafar ƙarfe, ya naɗe hannun riga. Bai tsaya ƙirƙiro sabon umarni ba, wannan aikin masu koyo ne. Kai tsaye ya je wurin da aka koya wa "jira" ƙirgen sakan, ya mayar da shi yana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ya rubuta wa bakin feshin umarninsa, ya gwada. Kumfa ta riƙa fitowa fis-fis-fis, lallausa, ba ɓarna ko ɗigo. Ya kira mai faci da mai walda, maƙwabtansu na dama da hagu, suka gani suka yaba. Har aka tashi bai gwada komai ba sai wannan kumfar, kuma bai bar kowa ya tafi ba sai da ya kalle ta sau uku.

Washegari da safe mai faci ne ya fara ɗanɗanawa. Ya gangaro da tayar wani mutum zai wanke ta a famfon Kawu, kamar yadda ya saba. Sanda ta ɗaga, kafin ya ɗaga ƙafa ta dawo ƙwas a tsakiyar hularsa.

"Kai! Me na yi wa sandar nan?"

"Ba ta ce ka yi komai ba," in ji Injiniya daga taga. "Nawa ka yi. Zamani ya wuce ka."

"Shekara biyu ina wucewa a ƙarƙashinta, yau ne na yi nawa?"

Bai rufe baki ba Kawu ya kunna lasifika. Ita da ke gaisuwa duk minti biyar, sai ta kama yi sau uku a sakan ɗaya, ba ta ƙarasa ko kalmar farko: "Bar-bar-bar-bar-bar!" Karen mai walda ya tsinke igiya ya yi titi. Mai walda ya fito da baƙin gilashi a goshi yana tambayar wa ake kora.

"Sabon salo ne," in ji Injiniya. "Don jawo hankali."

"Ya jawo. Je ka kamo mini karena."

Ana cikin haka wata malamar makaranta ta iso da 'yar jar motarta, ta sha laka har gilashi. Injiniya ya riƙe mata sanda da hannu ta shige, ya yi mata jawabin cewa ta yi sa'a, ita ce ta farko da za ta ga sabon tsari. Ta shiga rumfa, ya danna maɓalli. Ƙofa ta rufe, aka ji wani abu kamar atishawa, ƙofa ta buɗe. Wankin minti huɗu ya ƙare kafin malama ta ja burkin hannu. Motar ta fito da lakarta cif, an dai ƙara mata 'yan ɗigon kumfa a goshi.

Malama ta sauke gilashi. "An fara?"

"An gama, Malama. Wankin gaggawa kenan, na masu sauri."

Ta fito ta shafa ƙofar motar da yatsa, ta nuna masa yatsan. "Ɗalibin da ya kawo mini aiki irin wannan, sai ya share aji har ƙarshen zango."

Kawu ya shiga bayan rumfa ya ɗauko tsohon bokiti, ya duƙa yana cije leɓe ya wanke wa malama motarta. Injiniya ya ga yadda tsohon yake dafa gwiwa kafin ya miƙe, abin ya ɗan taɓa shi, amma bai kai ga bakinsa ba.

"Ƙaramin abu ne, Kawu. Injin ne bai saba da ƙwaƙwalwata ba."

Ya koma ɗaki ya yi ta zare ido a allo, har Allah ya sa ya gano: "jira 30" yanzu ba ta kai ƙiftawar ido ba. Mai hankali da ya mayar da abin yadda yake. Shi kuwa sai ya bi duk tsofaffin umarnan ɗaya bayan ɗaya yana ƙara wa kowace lamba sifili uku. Talatin ta zama dubu talatin, arba'in ta zama dubu arba'in, ashirin ɗin sanda ta zama dubu ashirin. Ya kunna, komai ya dawo daidai. Ya fito yana gyara wuyan riga, ya ce wa mai faci ya zo ya wuce ya gani. Mai faci ya ce ya gode, zai zagaya ta baya.

Ran Juma'a da yamma Auta ta kira babanta, labarin sanda da kare ya riga ya isa gare ta. Kawu ya sa wayar a bayyane ya ajiye a kan benci, ga mai faci, ga mai walda.

"Yaya Injiniya, ka taɓa 'jira' ko?"

"Na inganta shi."

"Don Allah ka mayar da shi yadda yake. In kana son ƙaramin lokaci, ka yi masa umarninsa daban. Baba sakan ya sani, ranar da layi ya yi tsawo shi da kansa yake rage lambobin. In ya rubuta ashirin fa?"

"Gaskiya ne," in ji Kawu. "Ni sakan na sani."

"Auta, ina rubuta umarni tun kina cin ƙasa."

"Na yarda, Yaya. Gobe da yamma zan zo in koya. Kuma in har ka taɓa lambobin da ke cikin..."

"Ba a ji, layin ba kyau!" Ya kai hannu ya kashe wayar. Mai walda ya ce shi dai ras yake jin ta.

A gaban mutane ya yi ta maza, amma maganar "zan zo in koya" ta tsaya masa a wuya. Ya san in yarinyar nan ta buɗe kwamfuta ta ga abin da ya yi wa yarenta, har jikokinsa sai sun sha labari. Saboda haka ran Asabar da sassafe, kafin kowa ya iso, ya lallaɓa ɗaki ya mayar da "jira" kan sakan. Ya ƙirƙiro sabon umarni na ƙaramin lokaci, ya sa masa suna "ƙifta", ya gyara umarnin bakin feshi, ya gwada kumfa. Fis-fis-fis, sai ka ce audugar da aka shiɓa. Ya yi wa kansa tafi. Sifilan nan uku-uku da ya bi ya zuba ran Alhamis kuwa suna nan inda ya bar su, ko tunawa da su bai yi ba.

Takwas da rabi Ciyaman ya iso a doguwar baƙar motarsa, tasi goma sha biyu na biye. Sanda ta ɗaga, ta tsaya a sama ba ta sauko ba.

"Ni na sa ta," in ji Injiniya, yana sanye da farar kwat. "Ba a rufe wa manya ƙofa."

Lasifika ta ce "Barka da zuwa" sau ɗaya ta yi shiru.

"Ita ma na koya mata ladabi."

Ciyaman mutum ne mai jiki, mai agogo a hannu, ba ya son dogon zance. Ya ce shi da kansa zai shiga da motarsa ya ga abin daga ciki. Injiniya ya tara direbobi a gaban rumfa, ya ɗaga yatsa sama, ya jira sai da agogo ya buga tara daidai, sannan ya danna. Ƙofofi suka sauko. Ta 'yar tagar gilashin da ke jikin ƙofa aka ga kumfa na sauka a kan motar, fara tas, har ta rufe ta ruf. Direbobi suka yi tafi. Kawu ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba.

"Yanzu sakan talatin," in ji Injiniya, "kumfa ta jiƙa datti. Ku ƙirga da ni."

Suka ƙirga har talatin. Shiru. Wani direba ya ci gaba har sittin, don taimako.

"Injin yana la'akari da girman motar," in ji Injiniya.

Minti biyar. Daga ciki aka ji hon, gajere, na mutunci. Minti goma, hon ɗin ya daina mutunci. Wayar wani direba ta yi ƙara, ya ɗauka, ya nisanta ta da kunnensa, kowa ya ji muryar Ciyaman: ba ya ganin komai sai fari, buroshi sun tokare ƙofofin motar ta kowane gefe, kuma a gaya wa mai farar kwat ɗin nan ya fara addu'a.

"A kashe wuta mana!" in ji mai faci.

"Ba amfani," in ji Kawu. "Auta ta tsara shi ko an ɗauke wuta ba ya mantuwa, inda ya tsaya zai ci gaba. A ɗauko ƙarfen murɗa ƙofa da hannu, yana rataye bayan rumfa."

Aka duba, ƙusa kawai aka tarar. Injiniya ya shiga kallon takalminsa.

"Wani lanƙwasasshen ƙarfe mai mariƙin katako?" in ji mai walda. "Ai shi ya kawo mini watan jiya, ya ce kayan da ne, ba a amfani da su a zamanin kwamfuta. Shi ne ƙafar kujerarsa ta baya."

Haka aka fito da kujerar Injiniya tsakar fili, aka kwantar da ita a gaban direbobi goma sha biyu, mai walda ya yanke mata ƙafa, ya gasa, ya buga, ya mayar da ƙarfen yadda yake a da. Sai ƙarfe goma da kwata ƙofofi suka ɗaga, mutum huɗu na murɗawa. Ciyaman ya yo baya da motar, ya leƙo da kai ta taga, rigarsa sharkaf da gumi. Kumfa ta bushe a jikin baƙar motar, ta koma kamar an yi mata farar ƙasa.

Bai yi ihu ba, abin da ya fi tsorata mutane kenan. Ya dubi agogonsa, ya dubi Kawu.

"Dattijo, don furfurarka zan dawo ƙarfe biyar. Motata a nan zan bar ta, a yadda take. In injin nan bai wanke ta a gabana ba, mun tsallaka gada. Waɗannan kuma," ya nuna tasi goma sha biyu, "na hana su aikin safe, ba za su tafi da datti ba."

Kawu ya juya a hankali ya nufi bayan rumfa. Ya fito da bokiti, hannunsa ɗaya na riƙe da ƙugu. Wannan karon kunya ta kama Injiniya sosai, ta gaske. Ya cire kwat ya rataye, ya karɓe bokitin.

"Kawo, Kawu. Dama ina son in nuna musu bambancin hannu da inji."

Yana kan mota ta uku Auta ta kira daga hanya, labari ya riga ya isa gare ta. "Yaya, ka dai tsayar da umarnin ko? Kar ka bar shi yana tafiya."

"Tuni! Sai kin gaya mini?"

Abin da ya yi kuwa, allon kwamfutar ya kashe don kar direbobi su leƙa.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci mai faci ya shigo kawo wa Injiniya ruwan sha, ganin sanda tun safe a sama take. Yana zuwa ƙarƙashinta lokacinta ya cika, ta sauko ƙwas a wurin ran Alhamis.

"Wallahi sandar nan ta san hulata!"

Da Injiniya mai lura ne, da wannan ya ishe shi. Sai ya ce iska ce.

Ƙarfe biyar Ciyaman ya dawo, direbobi suka dawo kallo, Auta ma ta sauka daga mota da jakarta. Injiniya ya gama mota goma sha biyu, hannunsa ya yi fari, amma da ya mayar da kwat sai bakinsa ya dawo. Ya shiga tsakiyar rumfa, inda kowa zai gan shi, ya buɗe jawabi. Ya ce ya yi bincike mai zurfi, matsalar daga tushe take: yaren da aka rubuta wa injin bai san lokaci ba sam, kuma yanzu haka injin ya mutu murus, sai an kawo wani daga waje.

Auta ta shiga ɗaki, ta tsallake kujera mai ƙafa uku, ta kunna allo. Ta ga "jira 30000", ta ga injin yana ta ƙirgensa tun safe. Ta yi ɗan lissafi a tafin hannu, ta fito tana danne dariya.

"Yaya, ƙarfe nawa ka danna maɓallin?"

"Tara daidai. Ni ba na wasa da lokaci."

"Sakan dubu talatin, awa takwas kenan da minti ashirin. Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa a agogonka?"

"Biyar da sha tara," in ji Ciyaman.

"Baba, matso nan. Ranka ya daɗe, ɗan ja da baya. Yaya, kai ma fito."

"Ba inda za ni. Kun gani ko? Ba ta son a faɗi gaskiya. Na ce injin nan ya mutu, in kuwa ya ƙara motsi, ku daina kirana Inji..."

Ruwa ya ɓarke ta sama, ta dama, ta hagu, har ta ƙasa. Ya juya zai gudu, busasshiyar kumfar safe ta jiƙa ta koma santsi, ya zame ya zauna daɓas. Ya miƙe, ya sake zama. Direbobi suka riƙa riƙe ciki, mai faci ya cire hula yana dukan cinya da ita, karen mai walda ya sake tsinke igiya.

"Zai tsaya!" Injiniya ya yi ihu daga cikin ruwa. "Sakan arba'in ne!"

"Dubu arba'in, Yaya," in ji Auta. "Sai gobe da asuba."

Ta bar shi ya ɗan ƙara jiƙa, sannan ta koma ta tsayar da injin. Minti biyu ta yi tana goge sifilai. Umarnin "ƙifta" kuwa ta duba shi sama da ƙasa, ta ce ba laifi, ta bar shi. Aka shigar da baƙar mota, wannan karon Ciyaman yana waje da agogo a hannu. Kumfa, ruwa, buroshi, iska. Minti huɗu cif ƙofa ta ɗaga, motar ta fito tana ɗaukar ido.

Ciyaman ya zagaya ta sau biyu, ya shafa, ya dubi yatsansa.

"Injin da zai jira awa takwas da minti ashirin bai ƙara sakan ɗaya ba, ya fi duk direbobina cika alkawari. Dattijo, daga Litinin motoci arba'in. Sharaɗina ɗaya: makullin ɗakin can ya bar aljihun wancan."

Auta ta miƙa hannu. Injiniya ya lalubo makullin daga jiƙaƙƙen aljihu ya ba ta, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Amma dai kun ga kumfar," in ji shi.

"Mun gani," in ji Ciyaman. "Ni awa ɗaya da kwata na yi ina kallonta."

Wani direba ya ce a gwada tasa ma. Yayin da motar ke shiga, Kawu ya ɗauki tsohon bokitin, ya zubar da sauran ruwan, ya kife shi a inuwa ya zauna a kai. Ya miƙe ƙafafu, ya jingina bayansa da bango, yana kallon mota na wankuwa ba tare da ya duƙa ba. Idonsa ya ciko, ya sa gefen riga ya goge.

Injiniya yana gefe yana matse kwat. Ya zunguri mai faci da gwiwar hannu, ya nuna tsohon da baki.

"Ka gan shi can? Shekara ashirin da biyu a tsaye. Ni na zaunar da shi."